Dattijon da ya ƙi fesa wa madubin kakata fenti

A Kano, in mutum ya ɗauki tsohon firam mai ruwan zinare ya kai wa kafinta, kusan duk inda ya je magani ɗaya ne. Za a murje shi da samfefa, a toshe inda ya ɓalle da filar masu gyaran jikin mota, a girgiza gwangwanin feshi, kafin la'asar ga shi yana ƙyalli. Ba na zagin masu yin haka, abin da kasuwa take nema ke nan, kuma mai kayan ma sau da yawa murna yake yi ya koma gida. Sai dai bayan damina ɗaya ko biyu ƙyallin ya dushe ya koma kalar ƙasa-ƙasa, zanen furannin kuma ya riga ya nutse a ƙarƙashin fenti. Shagon da zan ba ku labarinsa shi ne kaɗai na samu inda ba a yin haka, kuma saboda wannan ne na ga ya cancanci a yi rubutu a kansa, duk da cewa akwai inda ya ɓata mini rai.

Ba zan faɗi sunan mai shagon ba, tunda zan faɗi aibinsa. Yana wani lungu tsakanin Fagge da Sabon Gari, a layin masu yankan gilashi, babu allon talla. Ɗaki ne ɗaya da rumfar kwano a gaba, yara biyu masu koyon aiki, da firam-firam jingine a bango har sun kusa toshe taga. Dattijon ya ce a samartakarsa ya yi shekaru yana yi wa wani Bamisire aiki, mutumin Dumyat, garin nan na bakin teku a Masar da ya yi suna wajen kujeru da gadaje masu sassaƙa da ruwan zinare. A wurinsa ya koyi shimfiɗa zinare. Yanzu yawancin abincinsa daga sababbin firam na hotunan biki da takardun shaidar makaranta yake fitowa. Tsofaffin kaya jefi-jefi suke zuwa.

Abu biyu na kai masa. Na farko madubin kakata, wadda muke kira Inna. Kakanmu ne ya saya a gwanjo a Nasarawa wajen wani Bature da ke tattara kayansa gab da samun 'yancin kai a 1960, ya kawo mata, ya zauna a ɗakinta gefen jeren kwalla da langa har ta rasu. In an jingina shi a ƙasa ya kai mini ƙirji. Da aka zo rabon kaya babu wanda ya so shi: kusurwa ɗaya ta sama ta ɓalle ta ɓace, mahaɗun katakon sun buɗe baki, gilashin ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, kuma wani daga cikin kawunnaina, da kyakkyawar niyya, ya taɓa shafe shi da fentin gwal a wajejen shekarun 1980. Na biyu hoton kakan ne da kansa bayan ya dawo daga Makka, baƙi da fari, an ɗan shafa wa rawanin launi da hannu kamar yadda masu ɗaukar hoto na da suke yi, a cikin siririn firam na baƙin katako.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi maganar kuɗi ba sai da ya juya madubin ya daɗe yana kallon bayansa. Ya ƙwanƙwasa katakon da farce, ya nuna mini ƙananan ramuka, ya girgiza shi a kan farar takarda, sai ga ɗan gari mai laushi yana zuba. Ya ce, "Hajiya, ƙwaron yana ciki da ransa. In garin ya yi fari tas haka, sabo ne." Daga nan ya sa ɗan ƙarfe ya kankare wani wuri da bai fi ƙwayar gero ba a cikin lungun zanen. Ƙarƙashin fentin kawu sai ga wani launi dabam, mai ɗumi, ƙarƙashinsa ja, ƙarƙashin jan kuma fari. Ya ce asalin aikin ke nan, hawa uku: farin alli, jar ƙasa, sannan zinare.

Na ce, "Baba, to ai sai a wanke shi fes a sake sabo." Ya ce in sabo nake so, ga shaguna nan cike da na roba daga Sin, in je in zaɓa, zai fi mini araha nesa ba kusa ba. Shi abin da zai yi shi ne ya cire abin da aka ɗora, ya riƙe abin da ya rage, ya cike inda ya ɓace kaɗai. Ya ƙara da cewa in ba mu yarda a kan haka ba, gara in ɗauki kayana tun yanzu.

Furannin da ke zagaye da firam ɗin, waɗanda tun ina yarinya na ɗauka sassaƙa ce, ashe ba sassaƙa ba ce. Wani ƙulli ne na alli da gam da ƙaron itace da mai, ana danna shi a cikin mazubi yana da ɗumi, a ciro, a manna a kan katako. Tun ƙarshen shekarun 1700 masu firam a Ingila suka rungumi wannan dabara don ta fi sassaƙa sauri da sauƙin kuɗi. Matsalarta ita ce da tsufa ƙullin yana ƙanƙancewa ya tsattsage, shi ya sa ake ganin tsaga a jere, kusan tazara ɗaya, a jikin irin waɗannan firam. A ƙasarmu kuma abin ya fi muni. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, katako ya motse. Da damina ya sha danshi ya kumbura. Allin da ke kansa ba ya iya bin sa, sai ya ɗago ya fara zuba. Firam ɗin da aka yi don gidan Ingila ya yi shekara sittin da ɗoriya yana wannan kai da komo a ɗakin ƙasa a Kano, abin mamaki ma shi ne da ya rage.

Na roƙi ya bar ni in riƙa leƙowa in ga aikin, ya yarda, da sharaɗin ba zan taɓa komai ba. Ƙwaron ya fara yi wa magani: ya ɗura maganin ƙwari da sirinji a kowane rami, ya naɗe firam ɗin a leda ya ajiye gefe. Bayan nan ya warware mahaɗun kusurwa, ya kankare tsohon gam, ya sake haɗa su, ya kafa ɗan siririn katako ta baya don ƙarin ƙarfi. Gam ɗin da yake amfani da shi shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Ba farin gam na kafintoci ba ne, ba kuma mai kamawa nan take ba. Guntayen fata yake samowa wajen majema, ya jiƙa, ya dafa a ɗan gwangwani da ke zaune cikin tukunyar ruwan zafi, don kada ya tafasa ya lalace. Warinsa ba daɗi, kowa ya shiga shagon zai sani. Dalilinsa shi ne gam ɗin fata ana iya kwance shi da ɗumi da danshi ko bayan shekara hamsin, saboda haka wanda zai gyara nan gaba zai samu hanya. Gam na zamani in ya kama, sai dai katakon ya tsage. Masu adana kayan tarihi a ko'ina a kan wannan ƙa'ida suke, kada a yi wa tsohon abu abin da ba za a iya warwarewa ba, shi kuwa bai taɓa shiga aji don ita ba.

Cire fentin kawu shi ya fi cin lokaci. Auduga yake naɗawa a tsinke, ya tsoma a wani ruwan narkar da fenti, ya murza a wuri ɗan ƙarami, ya jefar, ya naɗa wata. Ruwa zalla kuwa bai kusanci firam ɗin ba ko kaɗan wajen cire fentin. Ya ce abin da ya fi kashe irin wannan zinare a gidajenmu shi ne tsumma mai jiƙe na ranar kwalima, domin a kan gam ɗin fata zinaren yake zaune, ruwa na taɓa shi ya tafi da shi. Da na duba sai na ga gaskiyarsa: gefen ƙasa, inda hannun mai shara yake kaiwa, duk ya koma ja, sama kuwa inda sai an taka kujera, zinaren yana nan. Buroshi mai laushi a bushe, shi ke nan abin da ya yarda a share shi da shi.

Kusurwar da ta ɓace ya ɗauki siffar 'yar'uwarta ta ɗaya gefen da mazubi, ya zuba sabuwa, ya gyara da wuƙa har ta zauna. Sannan ya dama alli da gam ya shafa, ya bari ya bushe, ya sake shafawa, hawa bayan hawa, ya goge har ya yi santsi. A kai ya shafa jar ƙasa mai laushi. Sai ranar zinare. Ranar ya rufe ƙofa, ya kashe fanka, ya kori yaran waje, ni ma ya ce in tsaya nesa kada in yi magana wajen da yake, cikin zafin Kano. Zinaren a ɗan littafi yake zuwa, falle 25, kowane falle bai kai tafin hannu ba, ya fi bawon albasa siranta nesa, domin kaurinsa wajen kashi ɗaya ne cikin dubu goma na milimita. Ba a taɓa shi da yatsa, narkewa yake a jiki. Wani faffaɗan buroshi yake gogawa a kumatunsa, ya ɗauko fallen da shi, ya jiƙa jar ƙasar kaɗan, ya kusantar, sai fallen ya faɗa da kansa ya kwanta. Bayan ya bushe ya murza wuraren da suka ɗago da dutsen aƙiƙ, irin wanda alhazai ke sayowa a zoben azurfa, har suka ɗauki haske.

A nan akwai zaɓin da ya kamata mai kai aiki ya sani, kuma dattijon bai ɓoye mini ba. Akwai zinare na gaske, karat 22 ko 23, wanda 'yan kasuwa ke taho masa da shi daga Masar ko Dubai, akwai kuma na kwaikwayo, wanda haɗin jan ƙarfe ne da tutiya. A ranar farko ido ba ya rabe su sosai. Amma na kwaikwayon yana baƙi da shekaru sai an rufe shi da banish, na gasken kuwa ba ya tsatsa. Tazarar kuɗinsu babba ce. Na zaɓi na gaske don kusurwa ɗaya ce da 'yan wurare, ba duk firam ɗin ba. Ya nuna mini littafin kafin ya fara, ya kuma nuna mini abin da ya rage bayan ya gama. Wannan gaskiyar ta yi mini daɗi, don a irin wannan sana'a babu yadda za a yi mai kaya ya gane in an musanya masa.

Da ya gama sai sabuwar kusurwar ta fi sauran haske, tana ihu. Na ce ai ta yi kyau. Ya ce ba ta yi ba tukuna. Ya ɗan goge ta har jan ya leƙo a kan tudun furannin, ya shafa wani siririn launi mai duhu a cikin lungunan. Yanzu in ban nuna wa mutum ba, ba ya gane wace kusurwa ce aka sake.

Gilashin ne muka ɗan yi ja-in-ja a kai. Ni ina son madubin da zan ga fuskata sosai, maƙwabtan dattijon kuma masu yankan gilashi ne, cikin ɗan lokaci za su yanko sabo. Ya ce in duba bakin gilashin, an goge shi a karkace duk zagaye, ga kauri, irinsa ba ya layin nan. Ɗigon baƙin kuma azurfar bayan ce danshi ya ci, kuma yawancinsa a gefe yake, tsakiya lafiya lau. Ya fara tabbatarwa cewa ba madubin zaiba ba ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsohon madubi. Tun shekarun 1500 a Benis ta Italiya da kuza da zaiba ake yin bayan madubi. Sai a 1835 wani masanin kimiyya Bajamushe, Justus von Liebig, ya fito da hanyar shimfiɗa azurfa a gilashi, ita ce ta kori ta zaiba sannu a hankali zuwa ƙarshen ƙarnin. Zaiba guba ce, kuma tsohon madubinta yana iya tara ƙananan ƙwallaye masu sheƙi a gindin firam, saboda haka ba a kwantar da shi ko a juya shi kai ƙasa, balle yara su yi wasa da abin da ya zubo. Nawa na azurfa ne. Na bar gilashin yadda yake, kuma ban yi nadama ba: ina ɗaura ɗankwali a gabansa ba tare da wata matsala ba.

Yanzu ga inda abin ya ɓaci. Na farko lokaci. Ya yi mini alkawarin kafin ƙaramar Sallah, ban karɓa ba sai da aka fara kawo raguna kasuwa. Wani ɓangare na jinkirin yana da hujja, alli da gam ba a yi musu gaggawa, kuma ranar da ƙura ta taso ba ya buɗe littafin zinare. Amma wani ɓangaren kawai aikin hotunan biki ne yake shigowa da kuɗi a hannu, sai a ture nawa gefe. Da zai faɗa mini haka da na fahimta. Waya kuwa ba ya ɗauka, in yaron ya ɗauka amsarsa ɗaya ce, "Hajiya, ana kai." Rasit babu. Rabin kuɗi ya karɓa tun farko, ni na ciro takarda daga jaka na rubuta abin da na kawo da abin da na biya, ya sa hannu yana dariya, na kuma ɗauki hoton kayan gaba da baya da waya. Shagon da ake ajiye kayan gadon mutane bai kamata a ce sai ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ce rajistarsa ba.

Na biyu ya fi ci mini rai, shi ne hoton kakana. Firam ɗin an gyara shi da kyau, ba ni da ta cewa. Ya kuma yi dabara a wuri ɗaya: gefen hoton na ƙasa ya manne da gilashi saboda danshi, ya ce ba zai ja ba don fuskar takardar za ta biyo gilashin, sai ya bar su tare, ya ba ni shawara in kai a ɗauki kwafinsa ta cikin gilashin tukuna. Wannan daidai ne. Amma da na juya bayan firam ɗin a gida, sai na tarar yaron ya yanko kwalin katon na sabulu ya danna kai tsaye a bayan hoton, ya ɗora filawud, ya kuma kama kusurwa biyu na hoton da salatif. Wata ƙawata da ta yi aiki da tsofaffin takardu ta ce in cire su a ranar. Irin wannan kwali da filawud suna da tsami a jikinsu, da shekaru suna mai da takarda rawaya ta yi ƙarau, gam ɗin salatif kuwa yana nutsewa cikin takarda ya bar tabon da ba ya fita. Ita ta ɗaga salatif ɗin a hankali tun bai kama ba, ta sa farin kati marar tsami a tsakani. Da na koma na gaya masa, bai yi gardama ba, ya yi wa yaron faɗa, amma na lura shi kansa bai ɗauki abin da girman da na ɗauke shi ba. Ilminsa a katako da alli da zinare yake. Takarda ba fanninsa ba ce, kuma bai faɗa mini haka tun farko ba.

Kuɗin aikin madubin kaɗai ya isa in sayi sababbin madubai masu girmansa guda uku a Sabon Gari. Maigidana ya ji adadin ya yi shiru, daga baya ya ce araha ba ta ado. In aka kwatanta da yinin da dattijon ya ɓata yana murza auduga a tsinke, ban ga an cuce ni ba. Ragi kuwa ba ya yi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Da zan ɗauka ya hana ni sa shi a adaidaita sahu a tsaye ba tare da bargo ba, ya kuma ba yaron ya biyo ni ya rataye. Zobe biyu ya kafa a baya da waya mai kauri, ƙusa biyu a bango. Ya ce kada a rataye shi a bangon da ruwan sama ke duka ta waje, kada ya fuskanci na'urar sanyaya ɗaki, kada kuma rana ta riƙa faɗa masa. Ya manna 'yan guntayen katako a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango. In za a goge gilashin, a jiƙa tsumman kaɗan a nesa, kada a fesa komai a kai, don ruwan yana gangarawa ya shiga gindi ya ci azurfar.

Wanda firam ɗinsa na roba ne ko na kwali da aka matse, ko wanda biki ya matso yana son abu mai ƙyalli kafin Juma'a, kada ya wahalar da kansa, ba shagonsa ba ne. Mai tsohon abu na katako da alli, wanda zai iya haƙurin watanni da rashin ɗaukar waya, ban san wani wuri a garin nan da zan tura shi ba sai can. Ya rubuta yarjejeniya, ya ɗauki hoton kayansa, ya tambaya tun farko wane zinare za a sa. Surukata tana da wani tsohon firam na Ayatul Kursiyyu da aka taho da shi daga Makka, gefensa ya fara zuba, kuma shi zan kai masa bayan damina. Takardar ciki dai ni da ƙawata za mu cire ta mu ajiye a gida, firam ɗin kaɗai zai gani.